Ranar da Fada Ya Hana Mama Durƙusawa

Shekara tara rabon Mama da ganin wana Ovide, tun da ya tafi aikin masaƙa a Lowell, ga idonta kullum sai ƙara yana yake yi. Sai ƙanena Telesphore ya dawo daga Montreal da majigi mai juyawa da hannu, yana rantsuwa Ovide na cikin fim ɗin jerin gwanon Idin Jikin Almasihu da aka ɗauka a can Lowell.

Mama ta ce ba za ta kalla ba. Fada Gauvreau ya faɗa a coci cewa majigi fitilar Shaiɗan ce, ita kuwa ba ta ƙetare maganarsa ko da wasa. Raina ya ɓaci, na je na same shi.

"Fada, ko ɓarawo ai sai an gan shi ake yanke masa hukunci."

Ya harare ni, amma ranar Talata bayan abincin rana sai ga shi a gidanmu. Muka toshe tagogi da barguna, muka rataya zanen gado a bango.

Jerin gwano ya fara wucewa. Da Jiki Mai Tsarki, wato gurasar tarayya da muke ɗauka Ubangiji ne da kansa, ya bayyana ƙarƙashin laima, Mama ta zube a gwiwa ta sunkuyar da kai, yadda muke yi tun muna yara. Ni ma na zube. Fada ma, mai fitilar Shaiɗan, ya zube. Kafin mu ɗago fim ya ƙare.

"Kin gan shi, Mama?" in ji Telesphore.

"Wa?"

"Haba Mama, Ovide mana, ai shi ke riƙe da sandar laimar."

"Yo ina ni ina ɗaga kai Ubangiji na wucewa?" Tausayinta ya kama ni.

Fada ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, kunya ta rufe shi. "Hoto ne fa, ni ma ya shammace ni. Mayar da shi farko, ɗana. Ke kuma Madam Lizotte, yau na hana ki durƙusawa."

Da kansa ya kai ta dab da zanen. Telesphore ya riƙa juyawa a hankali, har Ovide ya tako kamar mai tafiya cikin ruwa. Mama ta daɗe tana dubansa, hawaye na zuba.

"Ya yi ƙiba," ta ce. "Amma wa ya bar shi gaban Ubangiji ba aski?"

Fada ya gyara zama a kujera. "A sake mata," in ji shi.