Gonar Banilar Baba

Furen banila, tsiron nan mai yaɗo da ake sayen 'ya'yansa don ƙamshi, safiya ɗaya gare shi a duniya. Da asuba zai buɗe, kafin rana ta take ya rufe, shi ke nan. A 'yan sa'o'in nan ne mutum zai sa tsinke ya ɗaga tantanin cikinsa, ya matse da yatsa, in yana so furen ya yi 'ya'ya. Duk ɗan garinmu Papantla ya san wannan. Ni ma na sani, amma a baki.

Shekara goma sha ɗaya Baba yana kirana gona duk watan Afrilu.

"Fortino, zo ka koya tun hannuna na aiki."

"Ga ni nan, Baba. Bari in sha kofi."

Daga kofi sai waya, daga waya sai a kira ni kallon ƙwallo. Kafin in ankara rana ta yi, sai in ce gobe. Fure ya ƙare, in ce baɗi. Yayata Herlinda har suna ta laƙaba min, wai Sarkin Gobe, ni kuwa don rashin ta ido har amsawa nake yi.

A watan Fabrairun bana Baba ya faɗi a bakin rijiya. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Tushen banila ɗari huɗu da ya raina kamar 'ya'yan cikinsa suka dawo wuyana. Herlinda ta zo daga gidan mijinta, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ka sayar wa masu shuka lemo gonar kawai, ka huta," in ji ta. "Kai da ko wanka sai an yi maka tuni."

Maganar ta ƙona min rai. Na miƙa mata wayata, na ce ta tafi da ita, kada in sake ganinta sai fure ya ƙare.

Kwana ashirin da shida na yi ina riga zakara tashi. Kwanakin farko ɓarna kawai na yi, na yayyaga furanni da yawa, daga baya hannu ya faɗa. Abokai su yi ta fito daga bakin hanya, ko waiwaye ba na yi. Ban bar fure ko ɗaya ya rufe a banza ba. Reshe mai fure ashirin, ashirin ɗin na yi masa. Da 'ya'yan suka fito birjik, kore shar, sai da na ji kaina ya yi girma.

Ana cikin haka maƙwabciyar gonarmu, Doña Eufrosina, tsohuwar da ta yi shekara hamsin a wannan aiki, ta leƙo ta kan shinge. Sai ta dafe ƙirji.

"Ɗan nan, wa ya yi wannan aika-aikar?"

"Ni ne, Inna. Ko ɗaya bai tsere min ba."

"Ai ita ce tsiyar! Biyar ake yi a reshe, shida in tushen na da ƙarfi. Sauran a bar su su zube. Uwa ɗaya za ta shayar da ashirin? Ubanka bai gaya maka ba?"

Ashe ɗaga tantani kowane sakarai ma zai iya. Sanin inda za a tsaya shi ne aikin, kuma shi Baba ya yi ta kirana ya nuna min.

Na bi da wuƙa ina rage su, amma ihu ne bayan hari. Zafin rana ya zo ya tarar da tushen sun galabaita. 'Ya'yan suka yi rawaya suna zuba, ganye ya yanƙwane, ruɓa ta kama saiwa. Zuwa Agusta, tushen da suka rage da rai ba su kai arba'in ba.

Baba kuwa kullum da safe sai ya ɗaga hannun hagu yana nuna hanyar gona. Herlinda ta ja ni gefe.

"Ka ce masa gobe mana. Ai ka iya."

Na ce mata na daina cewa gobe. Na goya shi a baya, na bi da shi layi-layi, ban ɓoye masa komai ba. A layi na uku ya miƙa hannu ya kama wani busasshen yaɗo, ya marmashe a tafinsa. Na tsaya ina jiran zagi, na manta ba shi da bakin yi. Sai ya kifa goshinsa a ƙeyata, na ji wuyan rigata yana jiƙewa. Da ya iya tsine min a wurin, da na fi samun sauƙi.