Guduma a Ƙarƙashin Itace

"Baba Haladu, wai kai kwaminis ne? Yara sun ce kwaminis ba ya shiga aljanna."

Rahamatu ce, 'yata ta biyu, ta jefa tambayar, ina tsugune a ƙofar ɗakinsa ina zuba masa kunu. Kunya ta rufe ni. Na kai hannu zan kama kunnenta, ya ɗaga min yatsa.

"Ƙyale ta, Amarya." Haka yake kirana tun ranar da aka kawo ni unguwar, har na haifi uku. Ya yi dariya, dariyar ta koma tari mai tsawo. Da ya lafa ya ce, "Yarinya, ni ban taɓa zuwa Rasha ba, iyakata Zariya. Abin da na ce kawai, mai fasa dutsen titi shi ma mutum ne, kada a fasa masa ƙirji. In wannan ne kwaminis, Allah ya san inda zai ajiye ni."

"Kai dai sha kununka, sarkin talakawan duniya," in ji matarsa Ya Kura daga madafi. "Ko kofi ba ka iya riƙewa, amma jawabi bai ƙare ba."

Shekarar ƙarin albashin Udoji ce, ma'aikatan gwamnati na ta sayen rediyo da babur, ana shimfiɗa kwalta ko'ina. Wani ɗan kwangila ya kafa injin niƙa dutse a bayan tsaunukan Kazaure, mazan unguwarmu suka koma can, har da maigidana, Sama'ilu. Aikinsu su farfasa manyan duwatsu da hannu su zuba wa inji. Kowa da gudumarsa yake zuwa, wanda ba shi da ita ba ya hawa motar lebura. Da yamma su dawo fari fat kamar an birkima su a gari.

Baba Haladu ya riga kowa fara wannan aiki. A da leburan reluwe ne a Kano, aka kore shi bayan babban yajin aikin sittin da huɗu. Shi ya haɗa masu fasa dutse suka yi ƙungiya, shi kuma ya sa suka ajiye aiki, yana daga kwance. Buƙatarsu ɗaya ce: a kawo tankar ruwa a riƙa jiƙa dutsen kafin ya shiga inji. Ɗan kwangila ya ce shi titi aka ba shi, ba wankan dutse ba. Da yajin ya yi tsawo, ya aiko cewa duk wanda bai hau mota ranar Asabar da safe ba, an maye gurbinsa.

Ni ina cikin masu son a koma. Geronmu ya kai gindin buhu, ga goyo a bayana. Na ce wa maigidana, "Ƙungiya zan dafa wa yara?" Sai na ga ya ɗauko gudumarsa yana gyara mata ƙota.

Ranar Juma'a ce Rahamatu ta yi tambayar nan. Da na je mayar da kwano madafi, Ya Kura ta riƙe min zani.

"Tsaya. Kina jin numfashin nan?"

Ina ji mana. Kamar ana tankaɗe rairayi a rariya.

"Da farko sai na ɗora kunne a bayansa nake ji," ta ce. "Yanzu ko ina daka ina jinsa. Naki kin taɓa saurara?"

"Nawa yaro ne, Ya Kura. Lafiyarsa ƙalau."

"Wannan ma da yaro ne. Buhu biyu yake ɗauka."

Bayan an sauko daga masallaci maigidana ya kwanta a rumfa, ya juya min baya, barci ya kwashe shi. Na durƙusa na ɗora kunnena tsakanin kafaɗunsa, yadda nake yi wa yara in suna mura. Da farko ban ji komai ba sai bugun zuciya. Can da ya ja numfashi mai tsawo, na ji shi a ƙasa-ƙasa, siriri. Rairayin nan ne.

Ban yi kuka ba. Na tashi na kinkimo gudumar da ƙyar, na tura ta ƙarƙashin tarin itacen girki, na jera itace a kai. Sannan na yafa gyale na bi ta kafar katanga. Gidajenmu a haɗe suke ta baya, mace tana iya ratsa unguwar ba ta taka titi ba. Ban yi wa kowa maganar ƙungiya ba, don ban iya ba. Cewa nake, "Ki sa kunne a bayan mijinki. In kin ji abin da na ji, ki ɓoye gudumar." Wata ta kore ni, ta ce in ba ni da aikin yi in je in yi kitso. Amma kafin magariba an tura guduma cikin rumbu, an rufe wata da randa, wata ma a akurkin kaji ta kwana.

Da na faɗa wa Ya Kura, ashe Baba Haladu na ji daga ɗaki.

"Amarya," ya kira, muryar na tsinkewa. "Na tsufa ina tara maza a gindin bishiya. Ashe ta bayan gida ya kamata in bi."

Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan.

Asabar da safe motar lebura ta tsaya a bakin kasuwa tana ta oda. Maigidana ya birkice rumfa, ya leƙa ƙarƙashin gado.

"Ina gudumata?"

"Na ajiye."

"Kin ajiye? Ba ke kika ce in koma ba? Jiya ƙungiya ba ta dafuwa, yau kuma ke ce sakatare?"

"Na ji ƙirjinka, Malam."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai salatin Ya Kura ya tsallako katanga. Muka tsaya muna kallon juna. Ya zura takalmi ya fita.

Na shiga wurinta na hura wuta, na ɗora ruwan wanka. Zafin bazara ne, ba a jinkirta gawa. An gama wanka, an sa likkafani, amma masu haƙa ba su aiko ba. Sai ga maigidana ya shigo yana haki, ya kira ni gefe.

"Kabari ya ci karo da dutse. An sauya wuri, nan ma haka. Diga ba ta ci. Don Allah, ba ni gudumar."

Odar motar tana nan tana kira. Daga maƙabarta zuwa bakin kasuwa ba nisa. In na ba shi, ya gama binne mutum, me zai hana shi wucewa?

"Daga can ina za ta?" na tambaya.

Ya sunkuyar da kai. "Mutum na kwance yana jira, kina min tambaya."

Na je na kwashe itacen da hannuna. Baba Haladu ba zai kwanta a rana saboda tsorona ba. Na aika Rahamatu ta bi kafar katanga ta ce wa kowa ta fito da tata.

Mata ba ma zuwa maƙabarta, amma muna zaune a tsakar gidan Ya Kura muka ji. Guduma ɗaya ta fara, wata ta amsa, har suka haɗu suna sauka bi da bi kamar mata a turmi. Ana cikin haka odar ta yi shiru. Daga baya aka ce direban motar, Monday, ne ya kashe ta, ya gaya wa yaron ɗan kwangila mota ta ƙi tashi, ya bi sahun mutane ya tsaya daga gefe, hularsa a hannu.

Sai kusan azahar na ji sallamar maigidana. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, jar ƙasa har gwiwa. Ya sauke gudumar daga kafaɗa ya jingina ta a ƙofar madafi.

"Mayar da ita inda take," ya ce. "Duk mun mayar."

"To me za a ci?"

"Ke kika ɓoye, ke za ki faɗa."

Na karɓi dakau, na fara suyar ƙosai, muka sha kunu ba sukari har damina ta faɗi. Ɗan kwangila ya kwaso leburori daga wani gari, matan unguwa suka aika musu da labarin abin da muka ji, suka watse. A ƙarshe tankar ta zo, tsohuwa, tana yoyo.

Amma ƙurar da ta riga ta shiga ba ta fita. Yanzu in Rahamatu ta ruga ta taryi babanta da yamma, sai ya dafa katanga ya huta kafin ya iya ɗaga ta. Ke da kike karanta wannan, kada ki jira naki ya fara dafa katanga.