Hannun Malam Nata'ala

"Ba zan shiga ba! Ko duka na za ki yi ba zan shiga ba!"

Ihun Ni'imatu ne ya sa na bar gyaɗar da nake suya a kan wuta na leƙa ta katanga. Katangar da ke tsakaninmu da gidan Malam Nata'ala ba ta wuce ƙirjina ba, tun da damina ta cinye kanta ba wanda ya ce a gyara, ni kuwa ban damu ba, don ba na son a yi abu a unguwa ban gani ba. Yarinyar ta rungume turken rumfa ƙam, uwarta Mansura tana jan ta da hannu ɗaya, kofin kunu a ɗaya hannun yana ta zuba.

"Ke, kunu kawai za ki ba shi ki fito," in ji Mansura. Ba ta kama sunanta, 'yar fari ce.

"Ai ba ya so na. Gwaggo ta ce ya daina."

Wallahi sai da maganar nan ta soke ni a ƙirji. Ƙofar ɗakinsa a buɗe take, labule ne kawai, na san ya ji.

Malam Nata'ala malamin firamare ne a nan Gumel, kimiyya yake koyarwa. Duk layinmu an san shi da abu ɗaya, ba ya kunyar 'yar fari. Daga bakin zaure zai ƙwala mata kira da sunanta gatsal, ya ɗora ta a tankin babur, ran Alhamis har kasuwar Maigatari yake kai ta kallon raƙuma. Ni kaina na sha yi masa tsiya.

"Malam, kai ko ɗan kara ba ka yi? Mu a zamaninmu ko kallon ɗan fari ba a yi a gaban mutane."

Sai ya yi dariya ya ce, "Inna Rakiyya, ki ji mini kunyar, ni aiki ya yi mini yawa."

Alli ne ya fara suɓucewa daga yatsunsa a aji. Daga nan ya kasa matse kulocin babur. An je Kano, likitoci suka ce ciwon jijiya ne, irin wanda ba ya jin magani. An yi rubutu, an yi tofi, an yi duk abin da ake yi. Kafin a kai gero gida hannayen biyu sun kwanta a gefensa kamar tsumma, ƙafafu suka bi baya. Hankalinsa kuwa garau, ya fi nawa ma.

Wata rana yarinyar ta dawo daga Islamiyya da gudu, ta faɗa ɗakin ta ɗaga hannuwa sama yadda ta saba, tana jira a ɗauke ta. Ya bi ta da ido kawai. Yayarsa Larai, gwaggon yarinyar, da ta zo jinya daga Sule Tankarkar, tana zaune a wurin. Mace ce ta kirki, ba zan ci amanarta ba, amma irin mutanen da ne, a wurinta ba a buɗe wa yaro zancen ciwo mai nauyi. Sai ta nemi abin da za ta kori yarinyar da shi.

"Ke, matsa can! Ubanki ya yi hankali yanzu. Wa kika ga yana ɗaukar 'yar fari? Da can ma sangarta ki yake yi, ya daina."

Shi ke nan, yarinya ta haɗiye magana ta zauna mata. Daga ranar ko inuwar ɗakin ba ta takawa.

Da na gama ƙona gyaɗata ran nan, Mansura ta leƙo ta ce Malam yana son ganina. Na yafa mayafi na zagaya. Muryarsa ta yi ƙasa sosai, sai na matso.

"Inna, bayan la'asar ki turo mini jikokinki, da duk yaran da kika samu a layi. Darasi zan yi."

"Darasi? A wannan halin? Kai Malam, ka ji tsoron Allah ka huta."

"Na yi ta kiran Ni'imatu in yi mata bayani, ba ta tsayawa. Ko ta tsaya ma, me zan ce wa yarinya 'yar wannan? Inna, in na tafi tana ganin ƙin ta na yi, da shi za ta girma. Shi ne kawai yake hana ni barci."

Na ce to.

Bayan la'asar ƙaninsa Abdulbaqi ya ciccibo shi ya zaunar a kujerar roba ƙarƙashin rumfa, aka tokare shi da filo ta ko'ina. Yara sun cika tsakar gida, daga mai majina sai mai guntun rake a baki. Ni'imatu ta maƙale a bayana ta riƙe zanena, ita a dole ba ta cikin wasan.

Ya sa aka ɗaura igiyar guga a ƙyauren langa-langa na ɗakin girki.

"Wannan ƙyauren shi ne ƙashi," ya ce. "Yana da ƙarfi, amma ya taɓa buɗe kansa?"

"A'a!"

"Wurin da yake juyawa a jikin bango, shi ne gaɓa, kamar gwiwar hannunku. Habibullah, zo ka kama igiya. Kai ne tsoka."

Jikana Habibullah, sarkin zari, ya kama igiya yana washe baki. Aka ɗaure masa ido da ɗankwalina, aka ce kada ya ja sai ya ji an matsa masa hannu.

"Tsoka ja kawai ta iya, ba ta iya turi ba," in ji Malam.

"To wa zai rufe ƙofar?" Murja ƙanwar Habibullah ce ta tambaya, ita ba a yin magana ba ta tsoma baki ba, ban san inda ta gado ba.

"Madalla. Akwai wata tsokar a ɗaya gefen, ita ke jan sa ya koma. Kowa ya dafa damtsensa ya lanƙwasa hannu. Kun ji ta kumbura? To ku dafa ta baya ku miƙe."

Yara suka yi ta lanƙwasa hannu suna ihu. Ni ma, tsohuwa da ni, sai da na taɓa nawa a ƙarƙashin mayafi.

Ya sa sauran suka jeru hannu cikin hannu, daga Habibullah har bakin rumfa. Ya ce su ne jijiya, hanyar da saƙo ke bi. In an matsa maka hannun dama, ka matsa wa na kusa da kai da na hagu.

"Saura ƙwaƙwalwa, mai ba da umarni. Ita ke cewa a buɗe."

Duk suka ɗaga hannu, "Ni! Ni, Malam!"

Ya tsaya ya mayar da numfashi. "Ƙwaƙwalwa sai mai taurin kai. Duk cikinku ban ga mai shi ba."

Na gane inda ya dosa. Na ɗaga murya na ce, "Ai kam, ni ma ban ga kowa ba. Sai dai a aika wata unguwar a aro."

Na ji an saki zanena. Ni'imatu ta fito tana turo baki, ba ta kalli inda yake ba, ta je ta kama hannun na ƙarshe. Ta matsa. Saƙo ya bi layi, yara suna ƙyalƙyala dariya, Habibullah ya fizgi igiya, ƙyaure ya yi ƙara ya wangale. Aka yi tafi. Aka rufe, ta sake, ya sake buɗewa. Har ta fara murmushi ba ta sani ba.

"Murja," in ji Malam, "saki hannun na kusa da ke. Kada ki kama sai na ce."

Murja tana tsakiyar layi, ta saki.

"Ƙwaƙwalwa, a buɗe ƙofa."

Ni'imatu ta matsa. Ƙyaure bai motsa ba. Habibullah yana tsaye da igiya kamar gunki, yana jira. Ta sake matsawa har yaron da ke kusa da ita ya ce wash. Ta buga ƙafa a ƙasa.

"Ka ja mana!"

"Tsoka ba ta da kunne," in ji Malam. "Ni'imatu, kina son ƙofar ta buɗe?"

"Ina so mana!"

"Kin aika?"

"Na aika! Murja ce ta saki hannu!"

"To nawa ma haka ne."

Sai a lokacin ta juyo ta dube shi.

"Duk ranar da kika shigo," ya ce, yana jan kalmomin ɗaya bayan ɗaya, "ƙwaƙwalwata tana aikawa. Ɗaga hannu. Ɗauke ta. Ina ta matsawa, ina ta matsawa. Saƙon ne ba ya isa."

Ta daɗe tana kallon hannayen nan da ke kwance a cinyarsa.

"Wa ya saki hannu a jikinka?"

"Ba kowa. Ciwo ne."

"To a haɗa mana."

"Ba ya haɗuwa, Ni'imatu."

Larai ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ɗaki. Yarinyar kuwa ta ruga ta kama hannun Murja da na ɗayan yaron tana haɗa su da ƙarfi, tana kuka tana cewa, "Ki riƙe! Na ce ki riƙe!" Da aka ɓanɓare ta sai ta fice zaure a guje. Na ce a raina, Allah sarki Malam, ka sha wahalar banza, ka ƙara mata wani ciwon.

Bayan nan ba a sake fito da shi ba. Numfashi ya fara yi masa wuya, magana ta koma raɗa, daga baya raɗar ma ta tafi, sai ido. Nakan hango yarinyar ta katanga tana zaune a dokin ƙofarsa, ta ba ɗakin baya, tana wasa da duwatsu. Ba ta shiga, ba ta kuma tafi ba. Abin ya dame ni ƙwarai, don ina ganin kwana yana ƙarewa.

Wata rana da hantsi Mansura ta kira ni, muryarta kawai na ji na san an zo wurin. Na tarar Abdulbaqi a durƙushe wajen kansa yana maimaita masa kalmar shahada a hankali. Larai tana karatu a gefe, hawaye na bin haɓarta. Labule ya motsa, sai ga Ni'imatu.

"A fitar da yarinyar nan," in ji Larai.

"Yaya, ƙyale ta," Mansura ta ce. Ban taɓa jin ta musa wa Larai ba sai ran nan.

Ta tako har bakin katifa ta tsuguna.

"Baba, yanzu ma kana aikawa?"

Ya lumshe ido ya buɗe.

"Me ka aika?"

Idonsa ya tashi daga fuskarta ya tsaya a kanta. Ta gane. Ta kama hannunsa na dama ta ɗaga, ya yi mata nauyi, ta sunkuya ta shigar da kanta ƙarƙashinsa. Da ta saki sai ya zame ya faɗo kan katifa. Ta sake ɗauka ta ɗora, wannan karon ta riƙe shi a kanta da hannu biyu.

Haka suka zauna. Ban san iya daɗewar ba, na dai san rana ta matso daga bakin ƙofa zuwa gefen tabarma. Can Abdulbaqi ya yi shiru, ya kara kunnensa, ya ɗago ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," can ƙasa-ƙasa. Ya shafe masa ido. Mansura ta cusa bakin mayafi a bakinta ta juya ga bango.

Yarinyar tana nan a tsugune, kanta a sunkuye, ta riƙe hannun ƙam kada ya zame. 'Yan damatsanta sun fara rawa don gajiya. Na durƙusa a bayanta, na sa tafina a ƙarƙashin gwiwar hannunta na tallafe.