Motar da Aka Naɗe da Leda

Da Rafi'u ya sa wuƙa ya tsarga ledar, ruwa ne ya fara zubo masa a ƙafa, wari ya biyo baya. Ya ja da baya yana toshe hanci.

Motar ta marigayi Othman ce, mijin yayarsa Mastura. Bayan an rushe musu gida a unguwar Karantina ta Jidda, ta gama takaba, sai ta tafi Madina wurin 'yarta ta yi lokacin sanyi a can. Ta ƙi sayar da motar. Ta danƙa wa Rafi'u makulli ta ce, "Amana ce, ita kaɗai ta rage mini daga gare shi."

Shi kuwa Rafi'u sana'arsa naɗe kayan alhazai da leda, kuma yana ji da kansa a kai. Akwatin da ya naɗe ko tururuwa ba ta samun hanya. Saboda haka ya samu wuri a garejin ginin da yake haya a unguwar Mahjar, ya wanke motar ciki da waje, har daɓen simintin ya kwarara wa ruwa. Bai jira komai ya bushe ba ya ɗauko babban naɗin leda ya zagaye ta tun daga rufi har ƙarƙashi. Ya ma ɗauki hoto ya tura wa 'yan uwa, aka yi ta yabonsa.

Yanzu ga abin da ya tarar. Fumfuna ta rufe kujerun da sitiyari, fari da kore. Tsatsa ta kama ƙafafun motar. Hular marigayin da ke gaban gilashi ta yi baƙi. Ya shafa bayan ledar, a bushe take ƙarau, cikinta ne ke ɗigar da ruwa. A gefe ga motar maƙwabcinsa, ita ma tun farkon sanyi take ajiye ba rufi, ƙura kawai ta yi. Bai buƙaci kowa ya faɗa masa ba. Danshin da siminti ke fitarwa shi ya kulle a ciki da hannunsa. Kunya ta kama shi.

Yana cikin gurzar kujera da tsumma ya ji sallamar Mastura. Ta iso tare da ɗanta Mish'al, wanda ya ɗauko ta daga tasha.

"Khali, esh hada?" in ji yaron da Larabci, wato "Kawu, mene ne wannan?", yana rufe hanci da gefen rigarsa.

Mastura ta matso kusa. Ta zagaya motar a hankali, ta leƙa ciki, ta ɗauki hular ta riƙe a ƙirji. Rafi'u ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa. Da za ta zage shi ma da ya ji sauƙi.

"Yaya," ya fara, "ni dai..."

"Halas, ya isa, kar ka ce komai. Mun ji labarin ruwan da aka yi a Jidda bana, har a waya mun gani." Ta share ido da bakin mayafi. "Dubi yadda ta yi duk da wahalar da ka sha. Da ba don ka naɗe ta ba, ai da ko ƙarfen ban tarar ba."

Mish'al ya dubi motar maƙwabcin, ya dubi kawunsa, sai ya mayar da ido ƙasa.

Ta ɗaga hannu sama, hular na tsakanin yatsunta. "Yadda ka riƙe mini amana, Allah ya ba ka masu riƙe maka taka haka."

Yaron ya ce amin can ƙasa-ƙasa. Ta juyo tana jiran ta Rafi'u. Ya buɗe baki, amin ɗin ta ƙi fitowa.