Gorar Tace Ruwa ta Malama 'Yar'azumi

Malama 'Yar'azumi ta daɗe tana koyar da kimiyya a ƙaramar sakandaren 'yan mata da ke Guri, amma a wurinta waya ta kira da amsa kira ce kawai. Da ƙungiyar malamai ta shirya bita a Hadeja kan yadda malami zai amfana da kafafen sada zumunta wajen aikinsa, ba da son ranta ta je ba.

Mai koyarwar wani matashi ne, Malam Ja'afar, malamin kwamfuta daga Kafin Hausa. Yana fara bayani ta ɗaga hannu.

"Malam, ni fa abin da na sani, wurin nan dandalin gulma ne da hotunan biki. Me tsohuwa kamata za ta je yi a can?"

Aka yi dariya. Ja'afar ya ce, "Mama, akwai gulmar kam. Amma akwai zaurukan da malamai zalla ke ciki. Can zan kai ki."

Ya zauna kusa da ita ya nuna mata yadda ake buɗe shafi. Ta sa sunanta na gaskiya, da darasin da take koyarwa, da garinsu. Ya gargaɗe su kada wanda ya ɗora fuskar ɗalibi ba da izinin iyaye ba, kuma kada su tura labarin da ba su tabbatar ba. Daga nan ya shigar da ita zauren malaman kimiyya na Arewa, ya ce kowa in ya koma gida ya ɗora abu ɗaya daga aikinsa.

Ta yi ta tunanin abin da za ta nuna. Makarantarsu ba ta da ɗakin gwaji. Abin da take da shi sai darasin da take yi duk shekara bayan ambaliya, lokacin da ruwan rijiyoyi ke gurɓacewa: a yanke gindin gorar roba, a jera auduga da gawayi da yashi da tsakuwa, a zuba ruwa mai laka ya sauko garau, sannan a tafasa kafin a sha. Ta jingina wayar da tagar aji, ta ɗauki bidiyon hannayenta kawai suna aikin, ta tura tana jin kunya.

Washegari ta ga saƙo daga wata Malama Suwaiba, mai koyarwa a Yawuri, a bakin kogin Kwara.

"Yaya, mun gwada da ɗalibaina, ruwan ya fito baƙi ƙirin. Ina muka kuskure?"

'Yar'azumi ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta danna wurin saƙon murya ta yi magana kamar yadda Ja'afar ya koya mata: "Ƙanwata, ba ku wanke gawayin ba. Ku daka shi sama-sama, ku wanke har ƙurar ta fita."

Suka gyara, abu ya yi. Ita kuma Suwaiba ta koya mata abin da ba ta taɓa gwadawa ba, wato a daka ƙwayar zogale a zuba a ruwan tukuna, lakar ta kwanta a ƙasa. Kafin zango ya ƙare, malamai daga Gashuwa da Numan da Argungu duk sun turo hoton gorarsu, wasu ma suna kiran abin "darasin Guri".

Da iyaye suka amince, 'Yar'azumi da Suwaiba suka haɗa azuzuwansu ta kiran bidiyo. Sadarwa ta yi ta yankewa, sai da aka fito da tebur gindin darbejiya aka samu. Adila, ɗalibar 'Yar'azumi da ko a aji da ƙyar ake jin muryarta, ita ta ce za ta yi bayani. Ta ɗaga gorar, ta faɗi aikin kowane hawa, wata ɗaliba daga Yawuri ta tambaye ta me ya sa dole a tafasa ruwan tunda ya yi fari.

"Laka muka cire," in ji Adila, "ƙwayar cuta ba a ganinta da ido."

Tafi ya ɓarke daga cikin wayar. 'Yar'azumi na tsaye a baya, sai gyara mayafi take tana murmushi. Da aka tashi, wasu malamai mata biyu na makarantar suka tare ta a bakin ofis da wayoyinsu a hannu, suka ce ta buɗe musu nasu shafin.

"Ku jawo kujera," ta ce. "Sunan gaskiya za mu fara sawa."