Takardar Laraba

"Baba, ka taɓa jin gara ma ka mutu?"

Haka likitar ta tambayi mahaifinmu, babu wani kwana-kwana. Yayana ya miƙe zumbur har kujera ta kife.

"Subhanallahi! Likita, mutumin da sahun farko bai taɓa wuce shi ba? Ki dai rubuta mana maganin ƙarin jini, abinci ne ba ya ci."

"Malam, shi na tambaya."

Baba ya zuba wa hannayensa ido. Hannayen da suka shekara arba'in a kan sitiyarin babbar mota, yanzu ko kofin shayi sai an riƙa masa. Tun rasuwar Innarmu, wata tara, ya rufe rediyonsa, ya rufe bakinsa.

"Kullum," ya ce. "Kullum da safe."

Ni ce autarsa, ni nake kai masa abinci, amma ban taɓa tambayarsa ba.

Likitar ta ce ba tsufa ba ne, ciwon damuwa ne, kuma yana warkewa. Ta rubuta takarda: ranar Laraba a kai shi ginin baya, wajen wata ma'aikaciya da za ta riƙa zama da shi suna magana.

* * *

Ko ƙofar asibiti ba mu fita ba Yaya ya fashe.

"Magana? Babu allura, babu ƙarin ruwa, sai surutu? Kin san su wa ake kaiwa ginin baya? Gobe a ce mun kai ubanmu gidan mahaukata, ni da 'ya'ya mata huɗu a gida!"

"Yaya, ka fa ji abin da ya ce."

"Na ji. Addu'a za mu yi. Kika fita da shi, babu ni babu ke."

Amma da na kai wa Baba abincin rana na raɗa masa cewa ni zan kai shi.

* * *

Ranar Laraba na tarar da shi zaune a bakin gado. Ya yi wanka ba wanda ya roƙe shi, ya sa farar riga da hula, har da takalmi. Daga tsakar gida ina jiyo Yaya yana wanke mota. Ranar bai je aiki ba, kuma na san dalili.

Baba ya ɗago. "Auta, ba mu makara ba?"

Ni dai matsoraciya ce, Allah Ya gani.

"Baba, an ce matar ta yi tafiya."

Ya daɗe yana kallona. Ya sani.

"To, ba komai," ya ce. "Dama tun jiya nake haɗa abin da zan faɗa mata."

Ya sunkuya ya cire takalman ɗaya bayan ɗaya, ya tura su ƙarƙashin gado.