Kwanon Baba Sunusi

Karo na biyu ke nan wayar Rukayatu tana rawa a kan tebur, kusa da tasar miyar da ke ɓararraka a kan 'yar wuta. Ta leƙa, ta ga Baba Sunusi ne. Ta kifa wayar.

"Ki ɗauka mana," in ji Safiya, ƙawarta, wadda ta kawo ta cin rana a wannan gidan abincin 'yan Tailan, can hawa na talatin, don taya ta murnar kammala digiri.

"Ke dai bari. Maganar kwano ce."

Baba Sunusi direba ne, dattijo mutumin Gumel, ƙofarsa na kallon tata a unguwar Al-Sadd, a ƙasar wajen da suke zaune. Mako uku da suka wuce ya miƙo mata dambu a wata samira mai furanni, ya ce ta marigayiya matarsa ce. To, wace 'yar mutunci ce za ta mayar wa maƙwabci kwano ba komai a ciki? Ita kuwa rubutun digiri ya sha mata kai, rabonta da ɗora tukunya har ta manta. Sai ta shiga wasan ɓuya da dattijon. Da ta ji tarinsa a matakala, sai ta maƙale bayan ƙofa har ya wuce. Kunya ce zalla, ba raini ba.

Wata ma'aikaciya ta haɗa tafin hannu ta rusuna, ta zuba musu miyar. Jatan lande ne, ga barkono, ga lemun tsami. Rukayatu ta kurɓa, hancinta ya buɗe.

"Wallahi wannan farfesu ne ya je makaranta!" ta ce, suka tuntsire da dariya. Nan take dabara ta faɗo mata. "A ƙulla min wata in tafi da ita. In na juye a samirar, wa zai ce ba ni na dafa ba?"

Wayar ta sake rawa, saƙon murya ne. Ta jefa ta jaka. Suka ci shinkafa da mangwaro, suka yi hotuna ta taga, teku na walƙiya a bayansu. Sai la'asar suka tashi.

Tana isa gida ta ɗumama miyar, ta goge samirar tas, ta juye, ta rufe. Yau kam da ƙarfinta ta ƙwanƙwasa.

Mas'udu ne ya buɗe, mai gadin da suke ɗaki ɗaya da Baba, bai ko cire kayan aiki ba. Idanunsa sun yi ja.

"Ina wuni. Baba na ciki? Kwanonsa na kawo."

Ya dubi kwanon, ya sunkuyar da kai. "Malama, sai haƙuri. Na dawo daga aiki na same shi nan bakin ƙofa, waya a hannunsa. Motar asibiti ta zo, amma khalas, shi ke nan, rai ya riga ya yi halinsa."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Yaushe?"

"Sun ce bayan azahar kaɗan."

Ba ta san yadda ta koma ɗaki ba. Ta ajiye samirar a ƙasa, ta lalubo wayar, ta kunna saƙon Baba.

Muryar ta fito a hankali, yana haki. "Rukayatu 'yata, ba don kwano nake kira ba, ki riƙe shi, naki ne. Ƙirjina ne ya matsa min tun ɗazu. In kina gida, ki ɗan leƙo ni. In kuma karatu kike, yi abinki, Allah ya ba da sa'a."

Ta so ta ce ba ta sani ba, amma ta san sau biyu ta ga sunansa da idonta. Kuka ya ƙwace mata, ta zame ta zauna a bayan ƙofar da ta saba maƙalewa.

Samirar na gabanta, da sauran ɗuminta. Gumin tururi ya taru a bakin murfin, yana gangarowa kan furannin ɗaya bayan ɗaya.